Ƙugiyar da Magagari Ba Ya Kamawa

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga Abba, a wajen haƙar kuza can bayan Doguwa. Daga mahaifiyarka, gidan maƙera, Dangora.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida ƙaninka Isiyaku, ina gaida duk wanda kuke sa hannu a kwano ɗaya da shi a wajen nan. Allah ya sa takardar nan ta same ku ku biyun a tsaye a kan ƙasa, ba a ƙarƙashinta ba. Allah ya tsare min ku daga abin da ido yake gani da wanda ba ya gani.

Malama Rakiya ta makarantar matan aure ce take rubutawa, ni nake faɗa. Na ce mata ta sa yadda ya fito daga bakina, ko ta ji na maimaita kada ta gyara. Za ka ce me ya hana a kira ka a waya. Ai ka san ni da kai. Kai ne ɗan fari, innata ce ta ɗauke ka ta raine ka a Burumburum, ka dawo gidan nan kana saurayi, ban taɓa zama na dube ka na yi maka doguwar magana ba. In an miƙo min wayar aka ce ga Abba, abin da yake fita bakina “lafiya lau, Allah ya yi albarka,” sai in miƙa wa matarka Uwani. To maganar yau ba ta lafiya lau ba ce. Shi ya sa na ari hannun wani.

Ranar kasuwa Isiyaku ya kira daga kan dutsen nan da kuke hawa ku sami sabis. Yana ta murna, yana yabonka. Ya ce, “Inna, ai Yaya ya zama sarkin maƙeran wajen nan. Ƙugiyar da muke sauka rami da ita cinyewa take yi inda sarƙa take gogarta, shi ne ya ƙera mana sabuwa da sifirin mota, ya ba ta ruwa ta ƙoshi. Wallahi Inna ko magagarin goge ƙarfe aka ɗora mata zamewa yake, ba ya kama ta. Wannan har jikoki.”

Na ce, “Wa yake sauka da ita?”

Ya yi dariya ya ce, “Ni mana. Ni ne farkon shiga, ni ne ƙarshen fita.”

Kafin in haɗa bakina maganar ta yanke. Uwani ta yi ta kira, ta ƙi shiga.

Abba, tun ranar tuwo bai wuce min da daɗi ba. Abin da yaron nan yake yabo, shi nake tsoro. Ƙugiyar da magagari ba ya kamawa ba ta lanƙwasa, ba ta buɗe baki, ba ta nuna maka ta gaji. Lokaci ɗaya take karyewa kamar tangaran. Ƙaninka kuma a jikinta yake rataye.

Na san za ka ce me tsohuwa ta sani a ƙira. Gaskiyarka, ban taɓa riƙe masaba na bugi ƙarfe ba, mace ba ta zama a maƙera a gidanmu. Amma katanga ɗaya ce tsakanin wutar mahaifinku da murhuna, kuma ɗan abin da na sani duk da ɓarna na koye shi. Bari in ba ka ɓarnar, ka tsinci abin tsinta.

Da aka kawo ni gidan nan 'yar manoma ce ni, ƙarfe duk ƙarfe ne a wurina. Surukata, uwar mahaifinku, ta nuna min wani baƙin turmi a bayan ɗaki ta ce, “Ga naki. Ba a daka hatsi a ciki.” Turmin ƙaho ne. Mahauta su kawo ƙaho da kofato da ƙashi, a ƙona su a rufaffiyar tukunya har su yi baƙi, ni in daka, in tankaɗe, a haɗa da guntayen tsohuwar fata da ɗan gishiri. Warin nan har yau in na tuna sai miyau ya taru a bakina. Mahaifinku in ya ƙera fartanyoyi da ƙarfe mai laushi sai ya aiko min da su cikin gida, in jera su a tukunya, garin ƙaho a ƙasa, garin ƙaho a sama, in liƙe bakin da yumɓu. Shi kuma ya binne tukunyar a gawayi a yi ta zuga wuta, sannan ya fasa ta ya juye su da zafinsu cikin kwamin ruwa. In sun fito, ka ɗora magagari ya zame. Ni da na ga haka sai na ɗauka garin nan asiri ne, duk ƙarfen da ya taɓa ya gama dacewa.

Wata rana ya ƙera wa wani Bafulatani na wajen Ɗansoshiya gatari da sifirin mota, ya ajiye shi kusa da fartanyoyin. Na ce a raina, gatari da zai sari itace ai ya fi fartanya bukatar magani. Na tura shi tsakiyar tukunya, na ƙara masa gari fiye da na kowa, na liƙe. Da aka juye a ruwa, daga madafa na ji wata ƙara, ƙyas, siririya. Gatarin ya tsage tun daga baki har gindi.

Mahaifinku ya shigo da shi a awartaki yana ɗigar ruwa. Ya ce, “Wa ya sa wannan a tukunya?”

Na ce, “Ni ce. Na ga kamar ya fi su bukata.”

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ke, ƙarfen fartanya da yunwarsa yake zuwa, shi ya sa muke ciyar da shi. Abin da ya ci ma a fatarsa yake tsayawa, cikinsa yana nan da laushi, shi ya sa in ya daki dutse ba ya karyewa. Sifirin kuwa a ƙoshe aka yi shi, tun daga fata har zuciya. Kin ɗura wa ƙosasshe, kin kuma jefa shi ruwan sanyi.”

Da Bafulatanin ya zo da sandarsa ya ce, “Maƙeri, ina gatari?” sai mahaifinku ya ce, “Amarya ta dafa shi.” Mutumin ya ce, “To a zubo min romon in tafi da shi ruga.” Suna ta dariya a zaure, ni ina bayan ƙyaure kamar ƙasa ta tsage in shige.

To Abba, abin da na samu a nan shi ne, magani ɗaya ba ya yi wa ƙarfe duka. Kafin ka ba ƙarfe ruwa ka san me yake cikinsa. Mai laushi, ka gasa shi ya yi ja ka tsoma, zai fito yadda ya shiga, sai an ciyar da fatarsa. Sifirin kuwa ba ya son ruwan sanyi, baƙin mai yake so, kuma in ya fito ba a barinsa haka. Mahaifinku goge shi yake yi ya mayar da shi gefen wuta ya zuba masa ido, launi yana tafiya a jikinsa daga na busasshen kara har ya kai na wuyan tantabara, yana rage masa gautsi. Ban sani ba ko ya kai ga nuna maka wannan sosai kafin ciwo ya kwantar da shi. Isiyaku bai ce ka mayar da ƙugiyar gefen wuta ba. Cewa ya yi ta sha ruwa ta ƙoshi.

Akwai kuma lokacin da rodi ya cika gari, ana ta gine-gine, guntayensa ko'ina. Mahaifinku ya yi laujuna da shi gab da yankan shinkafa. Wasu suka ɗauki ruwa, wasu suka ƙi. Wani ma lauje ɗaya, nan tauri, can laushi, manoma suna ta dawowa da su a lanƙwashe ko a ɓalle. Ni kuwa na ce hannu aka sa mana. Har na san wanda nake zargi, Allah ya yafe min, bawan Allah bai ji ba bai gani ba. Na yafa mayafi na tafi gidan Liman na ce ya ba ni rubutu in zuba a kwamin ruwan maƙera.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Rubutu zan ba ki, amma ke za ki sha, hankalinki ya kwanta. Ruwa bai yi muku laifi ba. Je ki tambayi mai gidanki daga ina ƙarfen ya fito.”

Na tambaya. Mahaifinku ya ce rodi taron gayya ne. Tsohuwar mota, gwangwani, gadon ƙarfe, duk abin da 'yan gwangwan suka tsinto a narke shi wuri ɗaya, shi kansa bai san uwarsa da ubansa ba. Daga ranar bai ƙara yarda da ƙarfe don kyan fuskarsa ba. Kowane baƙon ƙarfe ya shigo, sai ya gutsiri ɗan yanki ya buga shi ya yi siriri kamar ɗan yatsa, ya gasa, ya tsoma, ya ɗora a uwar maƙera ya ba shi masaba. In ya lanƙwashe, mai laushi ne. In ya karye, sai ya duba bakin karayar a rana. Mai ƙananan ido kamar garin tuwo, na kirki ne, za a yi bakin kurfin yanke ƙarfe da shi. Mai manyan ido kamar tsaki, ko wuta ta yi masa yawa ko asalinsa ne ba kyau. Da injin wasa ƙarfe ya zo kasuwa ma har tartsatsi yake kallo, na mai laushi dogaye ne miƙaƙƙu, na ƙosasshe rassa yake yi yana fashewa.

An ce min wajen naku cike yake da ragowar tsofaffin injuna na masu haƙar zamanin da, ƙarafan da ko mahaifinku bai taɓa gani ba. Kada ka dubi nauyinsu ko ƙyallinsu. Ka gutsira ka gwada. In aiki ya ɓaci kuma kada ka fara da zargin mutane irina, ka fara da tambayar ƙarfen.

Malama Rakiya ta tashi, ɗalibanta suna jira. Uwani ce ta karɓi biron. Ta ce in gaya maka hannunta ba shi da kyau, kada ka yi mata dariya. Na ce ba kyan hannu muke nema ba.

Tunda hannun gida ne bari in faɗi abin da ban iya faɗa a gaban baƙuwa ba. Gidan nan ya yi shiru, Abba. Tun ina amarya ƙarar masaba ce take gaya min gari ya waye, ita take gaya min rana ta yi tsaka a kai abinci. Da mahaifinku ya tafi na ce shi ke nan, sai kai ka zauna a wurinsa. Bugunka ba irin nasa ba ne, kai kana da gaggawa, shi yakan buga ya huta a kan uwar maƙera ya sake bugawa. Amma ta bayan katangar nan nake jinka, in san ka karya kumallo ko ba ka karya ba, in san ranka a ɓace yake ko da daɗi. Hirar da ban yi da kai da baki ba, da kunne na yi ta. Yanzu kaji ne suke kwana a bakin murhun maƙera. Fatar zuga-zugin ta bushe, na shafa mata man shanu da kaina, Uwani tana min tsiya wai man miya nake ɓarnatarwa.

Ban ga laifinka da ka tafi ba. Na ga yadda aka koma feshi, mai gona ya goya tulun roba ya kashe ciyawa, fartanya tana rataye. Na ga ranakun da kake hura wuta ka zauna har ta mutu ba wanda ya yi sallama. Namiji da iyali ba ya zama kallon gawayi. Amma da ruwan farko ya sauka masu garmar shanu sun zo suna tambaya, “Ina Abba? Bakin garma ya cinye.” Na ce ya yi tafiya. Suka ce yaushe zai dawo. Na ce su tambayi Allah. 'Yarka ta fara tafiya, in ta ga wani da baƙin hannu sai ta bi shi.

To, mu koma. Uwani, goge idonki ki rubuta.

Abin da ka yi wa ƙugiyar nan, na san tunanin da ya kai ka, don ni ma na taɓa yinsa. Mahaifinku shi yake yi wa masu yasar rijiya ƙugiyar da suke sauka da ita, da zoben sarƙar garmar shanu. Da ƙarfe mai laushi yake yinsu, masu kauri, in ya gama ya tura su cikin toka mai zafi su huce a hankali. Ba ruwa, ba ƙaho. Ba sa daɗewa sai ka ga wurin goguwar ya rame, a dawo a sake. Abin yana damuna, don mata a bakin rijiya suna cewa aikin gidanmu ba ya ƙarko. Wata rana ina ajiye masa fura na ce, “Malam, ga gari na daka ya yi yawa. Ka ba ni ƙugiyoyin nan in sa a tukunya, ko ka yi su da sifirin ka ba su ruwa, mu huta da gori.”

Ya ce, “Fartanya in ta karye, me ya faɗi?”

Na ce, “Ba komai, sai a sake wata.”

Ya ce, “Ƙugiya fa?”

Na tura masa furar gabansa. Ya ce, “Abin da yake cin ƙasa, a ba shi tauri. Abin da yake ɗauke da mutum, a bar masa danƙonsa. Gara ta cinye ina kallo.”

Ban yarda har zuciya ba, sai da ta faru a kan Tanko mai yasar rijiya. Yana cikin rijiyar masallaci ana jawo shi da guga cike da laka, nauyi ya yi yawa, ga ƙugiyar ta tsufa. Waɗanda suke sama suka ga bakinta yana buɗewa a hankali a hankali. Suka yi ihu, suka sassauta igiya, suka mayar da shi ƙasa ya zubar da lakar, aka sauya. Da ya fito bai ko wanke jiki ba ya taho maƙera, laka har gira, yana huci. Ya ce, “Maƙeri, wannan wace irin raguwar ƙugiya ka yi min? Buɗewa fa ta yi!”

Mahaifinku ya ce, “Wa ya kawo ka nan?”

Ya ce, “Ƙafata mana.”

Ya ce, “To alhamdu lillahi. Zauna ka sha ruwa.”

Ka ji, Abba. Cinyewar da take damun ku ba ita ce abokiyar gaba ba. Cinyewa ana ganinta, ana shafa ta da babban yatsa a san saura nawa. Tsagar da take cikin ƙarfe mai gautsi ba mai ganinta. Tana nan siririya kamar gashi, kullum aka fizgi igiya ta ƙara tafiya, ƙugiya tana ta ƙyalli a waje, har ranar da za ta rabu biyu.

Na ga wannan da idona, kuma kun tashi kun tarar da shaidarsa a fuskar mahaifinku. Kun san ɓallin kurfi ne ya ɗauke masa idon hagu. Yadda aka yi, ranar an kira shi jana'iza ya bar wa ƙaninsa, Kawunku Sale, wani kurfi ya ƙarasa. Kurfi bakinsa kawai ake tsomawa, ƙeyar da masaba take duka a bar ta da laushi ta dinga shanye bugu. Na kawo abinci bakin zaure na ga Kawunku ya saki kurfin gaba ɗaya cikin ruwa. Na san ba haka ake yi ba, a lokacin na riga na sani. Amma yaya matar wa za ta tsaya a bakin maƙera ta gyara wa ƙanin miji ƙira? Na ajiye kwano na koma. Na ce in Malam ya dawo zan gaya masa, sai aikin gida ya ɗauke min hankali. Kurfin ya yi ta aiki lafiya, har ana yabonsa, ƙeyarsa ba ta taɓa bajewa kamar ta sauran ba. Rannan mahaifinku yana yanke ƙarfe da shi, bugu ɗaya, sai salatinsa na ji ta bayan katanga. Na gaya masa daga baya, ya ce ƙaddara ce, ya hana ni sake tayar da zancen. Har ya koma ga Allah in zan miƙa masa abu ta dama nake zagayowa.

Abin da zan ce maka a nan, in ka ga kuskure a ƙarfe ka faɗa a take, ko na wane ne, ko naka ne. Kunya tana da wurinta, amma ban ga abin da ta tsare min ranar nan ba. Kuma kada daɗewar abu tana aiki ta ruɗe ka. Kurfin nan ma ya daɗe.

Yanzu ga roƙona. Ranar da takardar nan ta shiga hannunka, kafin ka ci abinci, ka je bakin ramin ka cire ƙugiyar nan. In Isiyaku yana ƙasa, kada a jawo shi da ita, a ɗaura igiyar a wani abin. Ka nemi ƙarfe mai laushi wanda ka gwada da hannunka ka ga ya lanƙwashe bai karye ba, mai kauri, ka ƙera wata, ka bar ta ta huce cikin toka. In cinyewa ce damuwarku, ka sa zobe tsakaninta da sarƙa, shi ya dinga shan gugar, in ya rame a jefar a sa wani. Kafin ɗan mutum ya hau ta, ku cika buhu da duwatsu ya fi ƙato nauyi, ku rataya, ku saki ku fizge, ku sake, ku duba bakinta. Kowace safiya kai da kanka ka shafa ta, kada ka wakilta. Taurin da ka iya bayarwa ka kai shi bakin diga da bakin kurfi, can ne dutse yake cin ƙarfe, can za a gode maka. Ko a nan ma baki kawai, ka bar musu ƙeya.

Na san abin da zai yi maka nauyi. An yabe ka a gaban mutane, an ce ba a taɓa ƙugiya irin taka ba, yanzu ka zo da hannunka ka cire. Za a yi magana. Wani zai ce ashe maƙerin bai san aikinsa ba. To ka ɗora min. Ka ce kana da wata tsohuwa matsoraciya a Dangora, ta aiko da takarda tana kuka, ta haɗa ka da Allah, ba yadda za ka yi da ita. Su yi dariya, ni ba na jin su daga nan. Ba ƙarya ka yi ba kuma, haka ɗin ne. Isiyaku zai fi kowa gardama, na san bakinsa. Ka ce masa ni na ce, in ya ƙi kada ka bar shi ya sauka, kai ne babba. Na ba ka shi ne a bakin mota, ban iya ce maka komai ba sai hannunsa da na kama na sa a naka. Abin da nake nufi ke nan.

Uwani ta ce in saka cewa ta yi maka yaji da ƙuli-ƙuli, suna cikin leda tare da takardar, kuma rabin na Isiyaku ne, kada ka cinye. Ni kuma na sa muku daddawa.

Garba mai motar rake shi zai kawo, gobe yake bi ta Tudun Wada ya wuce wajenku. Na kira shi har zaure na ce kada ya ba wani ya ba ka, hannu da hannu. Na kuma ce kada ya juyo sai ka ba shi ƙugiyar nan ya taho min da ita. Ya ce, “Inna, me za ki yi da ƙugiya, rijiya za ki shiga?” Na ce ba ruwansa. Ba abin da zan yi da ita, Abba. So nake in gan ta a tafin hannuna, in san ba kowa a jikinta. In ka ce min a waya ka cire, zan ce to, amma zuciyata ba za ta zauna ba, don na san ɗa yakan faɗa wa uwa abin da zai kwantar mata da hankali.

Ban ce ka dawo ba. Ka ji, ban faɗa ba, Uwani shaida ce. Amma in aiki ya yi sauƙi, ka ga kamar Garba zai iya yar da ita a hanya, ba laifi ka riƙo ta da kanka.

Allah ya tsare ku a dajin da za ku ratsa da ramin da kuke shiga. Allah ya riƙe igiyar da hannun mutum ba zai iya riƙewa ba. Allah ya sa duk wanda ya sauka da safe ya hau da yamma, naku da na wasu, don kowa da uwarsa. Allah ya yi wa hannunka albarka, ya jiƙan wanda ka gada. Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe min.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarku.